Kawunan Liba a Garejin Nicodemus

Maƙwabciyata Hajara ce ta kawo mini maganar, ranar wata Talata da hantsi, ta zo aron turmi. Tun ba ta zauna ba ta fara. Wai Nicodemus, bakaniken taraktoci na Bolori, yana cire kawunan libar motocin mutane yana tarawa a buhu. Wai idan buhun ya cika sai a fita da shi ta hanyar Damboa, mutanen daji su ɗura musu albarushi su dawo mana da su cikin kasuwa.

Na ce, "Wa ya gani?"

Ta ce, "Haba Malama, kowa ya sani."

"Ban tambaye ki wa ya sani ba. Wa ya gani?"

Ta gyara mayafi ta ce ita dai abin da ta ji ke nan, kuma Mikail, shugaban samarin sintiri na can unguwar, ya ce jibi Alhamis za su je su zazzage buhun. Ta ɗauki turmi ta fita.

Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da kimiyya a sakandare kafin in yi ritaya, kuma babu kalmar da ta fi gajiyar da ni kamar "kowa ya sani". Kowa ya sani idan mai ciki ta ci ƙwai za ta haifi ɓarawo. Na ci a ciki huɗu, har yau ba a kawo mini ƙarar ɗa ko ɗaya ba. Da a wani zamanin ne, da dariya zan yi in koma kan tsintar shinkafata. Amma wannan shekarar 2014 ce a Maiduguri. A lokacin magana irin wannan ba ta tsayawa a bakin mata. Na san mutanen da aka ɗauke a kan abin da bai kai rabinta ba, kuma ba dukansu suka dawo ba.

Ga shi kuma Nicodemus ba baƙo ba ne a wurinmu. Mutumin wajen Biu ne, shekara kusan talatin yana duba taraktar maigidana, Alhaji Ba'ana. Shinkafar Kirsimetinsu takan zo gidanmu a Gomari, cinyar ragon layyarmu takan je gidansu. Lokacin da unguwarsu ta rikice, matarsa Phebe da 'ya'yansu sati biyu suka yi a ɗakina. Kuma a daidai lokacin da Hajara ke wannan magana, jar taraktar Alhaji tana garejinsa, wata goma sha ɗaya ke nan. Duk wanda ya tambayi Alhaji a majalisa yaushe za a koma gona, amsa ɗaya yake bayarwa: "Niko bai mayar da kawunan liba ba tukuna." Ni kaina na sha yi wa Nicodemus tsiya a kan wannan jinkiri.

Ga wanda bai taɓa hawa tarakta ba, kan liba shi ne baƙin dunƙulen nan mai girman lemon tsami da ke saman sandar giya, inda hannu ke kamawa. Na sha ganinsa, amma ban taɓa ɗaukarsa in juya ba. Saboda haka washegari na ƙulle gishiri a leda, na jefa ƙaramin cokalin shayi a jaka, na tare keke zuwa Bolori.

Na same shi rabin jikinsa a ƙarƙashin wata shuɗiyar tarakta. Ƙafafunsa na yi wa sallama.

"Wushe, Mama!" Ya jawo jiki ya fito yana goge hannu. "Yau kuma da wane laifin aka zo?"

"Na zo ganin bama-bamai."

Dariyar da ya fara ba ta yi nisa ba. Ya kalli bakin ƙofa, ya kalle ni. "Har Gomari ta kai?"

"Har turmina ta kai. Ina buhun?"

Ba ma buhu ba ne, tsohuwar jakar shinkafa ce 'yar ƙarama, rataye a ƙusa cikin rumfa. Ya zazzage ta a kan benci. Kawuna goma sha huɗu, na ƙirga, baƙaƙe da jajaye, wasu an zana lambobin giya a samansu, wasu hannu ya goge zanen. Kowanne da ɗan ƙyallen atamfa a ɗaure.

Na ce, "To, a matsayin ɗaliba na zo. Me ya sa ake cire su?"

Ya kai ni wurin shuɗiyar. Ya nuna mini farantin ƙarfen da ke rufe saman giyabos, da robar da ke sanye a gindin liba don kada ƙura ta shiga. Ya ce in gwada zare robar ta sama. Na ja ta, ta taho lafiya har ta zo wurin kai, ta tsaya cak. Ramin da ke jikinta daidai kaurin sandar aka yi shi, kan kuwa ya ninka shi uku. Haka farantin.

"Idan ban cire kai ba, Mama, ba zan ga cikin mota ba. Sai dai in yanka roba, kuma sabuwa sai Kano, kin san yadda hanya take."

Ashe ma cirewar iri uku ce. Akwai wanda ake murɗawa kawai, a naɗe shi da tsumma a juya hagu. Akwai mai ɗan ƙaramin noti a ɓoye a gefe, wanda idan ba ka san da shi ba za ka yi ta murɗa har ka fasa. Na ukun matse shi aka yi tun daga kamfani. Shi wannan sai ya tafasa ruwa a butar shayinsa, ya zuba masa a hankali har robar ta saki jiki, ya sa bakin sufana a ƙarƙashinsa, ya ɗan bubbuga daga ƙasa. A gabana ya yi wa libar ɗaga garma haka. Bugu na huɗu kan ya yi tsalle, ya cafe shi a iska kamar mai kama fara.

"Filaya fa? Ba ta fi sauri ba?"

Ya dube ni kamar na ce a yi wa jariri wanka da soson ƙarfe. "Filaya tana barin haƙora. Mutum zai yini hannunsa a kan abin nan."

Ƙyallayen kuwa daga shagon ɗinkin Phebe suke. Idan ya cire kai, sai ya yaga ƙyalle biyu, ɗaya a kan, ɗaya a sitiyarin motar da ya fito. Ya ce sau ɗaya a rayuwarsa, yana yaron gareji, ya musanya kan wata mota da na wata. Zanen lambobin ba iri ɗaya ba ne. Mai motar ya duba inda aka rubuta giya ta ɗaya, ya saka, mota ta yi baya ta rushe katangar maigidansa. Daga ranar maigidan ya kafa doka, shi ma ya gada: kai shi ne na ƙarshe. Sai an gama komai, an gwada, sannan a mayar da shi.

"Duk manomin da ke zuwa nan ya san wannan. Idan ya leƙo ya ga liba tsirara, ba ya ma tambaya, ya san da saura. Idan ya ga kai a sama, ya kawo mai ya ɗauki abarsa."

Na fito da gishirina. Na kifa kai ɗaya, na zuba a ramin da sanda ke shiga. Rabin cokali bai shiga ba ya cika. Na gwada na biyu, na uku, duk haka. Na ce ko ciki akwai kogo? Ya ɗauko wani tsohon kai da ya tsage, ya ɗora a kan ƙarfe ya ba shi guduma. Ya rabe biyu kamar goro, ciki babu kogo ko kaɗan. Na ce a raina, albarushin da zai shiga nan ko ɓera ba zai firgita ba.

Da nan na tsaya, da na koma gida da nasara. Amma na ce bari in gaisa da motar gidanmu, tunda na zo.

Tana can ƙarshen fili a ƙarƙashin dogon yaro, liba uku tsirara, da ƙyalle kore mai zanen kifi a sitiyari. Na san atamfar, ragowar zanen da Phebe ta ɗinka mini ne. Na zagaya ta sau ɗaya. Sauran motoci huɗu da ke garejin duk cikinsu a buɗe yake, notuna a cikin kwano, faranti a jingine. Wannan a rufe take ruf, kowane noti a mazauninsa. Motar da ta yi wata goma sha ɗaya a ƙarƙashin bishiya ya kamata kujerarta ta cika da ganye da kashin tsuntsu. Tas take. Batir a haɗe. Na sa yatsa a bakin salansa, ya fito da baƙin hayaƙi mai laushi, na kwanan nan. A ƙasa kuma ga sawun taya ya yi da'ira ya dawo inda ya tashi.

Shekara talatin da ɗaya ina gane ɗalibin da ya kwafi amsa, ba a garejin Nicodemus za a fara rufe ni ba.

"Niko."

"Na'am, Mama."

"Motar nan lafiyarta ƙalau."

Ya tsaya yana goge hannun da ya riga ya goge.

"Duk Asabar kake tayar da ita?"

"Idan ba a tayarwa batir zai mutu."

"Tun yaushe ka gama?"

"Mama, ki tambayi Alhaji."

"Kai nake tambaya. Gobe Mikail zai zo. Zai ga huɗu a buɗe ya yarda. Zai ga ta biyar a rufe, ya ce to wannan fa, me kawunanta suke yi a jaka shekara guda? Me za ka ce masa?"

"Zan ce ban gama ba."

"An ji ƙararta, Niko. Unguwar nan kurame ne?"

Ya shiga rumfa ya daɗe yana motsa ƙarafa, ya fito da wani ƙarfe mai baki biyu kamar ƙoshiya, a karye. Ya ce shi ne ke tura giya daga wannan zuwa wancan, kuma shi ya cire daga motar Alhaji bara.

"Wannan ba ya karyewa a hannun wanda ya iya. Alhaji kuwa shi ya koya wa rabin direbobin garin nan."

"To ya aka yi ya karye?"

"Sai idan mutum ya danna liba da dukan ƙarfinsa, ya manta yana da ƙafar hagu, bai taka kuloci ba." Ya mayar da ƙarfen aljihu. "Iyakar abin da na sani ke nan. Ban tambaye shi ba, bai faɗa mini ba. Da na gama, kwana tara, ya zo ya tsaya a nan inda kike. Ina riƙe da kawunan zan mayar. Na ga yadda yake kallon hannuna. Sai na ce, Alhaji, ko in ajiye su tukuna? Ya ce, ajiye. Shi ke nan."

A cikin keke ina komawa na tuna ranar. Farkon damina ce, ya tafi gonarmu ta hanyar Damboa, can gaba da ramin da aka haƙa a bayan gari. Ya dawo da la'asar, motar tana rarrafe a giya ta biyu. Ya ce giya ta lalace. Bai ci abinci ba, na ce baƙin cikin mota ne, don ya fi son motar nan da wasu danginsa. Ni da nake auna ramin kan liba da gishiri, ni da ban yarda da maganar kowa ba sai na gwada, wata goma sha ɗaya ina kwana ina tashi da mutum ban tambaye shi komai ba. Na karɓi "giya ta lalace" kamar yadda Hajara ta karɓi "kowa ya sani".

Na tarar da shi a tsakar gida a kan tabarma, yana tsince irin wake. Wannan waken ya tsince shi sau uku tun watan azumi.

Ya ce, "Hedimistires an dawo? Wace makarantar aka je dubawa yau?"

"Ta Bolori."

Hannunsa ya tsaya a cikin faifai, sannan ya ci gaba.

Na zauna kusa da shi, na ja faifan gabana, na faɗa masa maganar Hajara daga farko har ƙarshe, da zuwan Mikail gobe. Na ce, "Na ga motar, Alhaji. Na ga ƙarfen da ya karye."

"Niko mai surutu ne."

"Niko bai ce komai ba. Shi ne ma abin da zai kai shi inda ba a dawowa."

Alhaji ya gyara zama a kan tabarma. Mutum ne mai shekara saba'in da ɗaya, wanda ya taɓa fitar da tarakta daga cikin ambaliya da igiya a ƙugunsa, labarin da har yau ake bayarwa a majalisa ana ƙara wa ruwan tsawo. Da ya buɗe baki, muryar ƙasa-ƙasa take.

Ya ce yana cikin huɗa, ya kai ƙarshen kunya ya juyo, sai ya gan su, mutanen daji. Su biyar, a kan babura uku, a ƙarƙashin tsamiyar da ke kan iyaka. Ba su ɗaga bindiga ba, a cinya suka ajiye. Ƙaraminsu bai kai jikanmu ba. Suka bar shi ya taho har kusa. Ɗaya ya ɗaga masa hannu ya ce, "Sannu da aiki, Baba. Ƙarasa kunyarka." Ya ƙarasa. Yana ƙarasawa ya miƙe hanya da garma a ɗage, yana jiran abin da zai sauka a bayansa. A nan ne ya danna giya. Ya ji ƙarfen ya karye, motar ta maƙale a giya ta biyu, a haka ya taho har gari, tafiyar da mai keke zai wuce shi. Bai waiwaya ba ko sau ɗaya.

"Ba su yi mini komai ba, Amma." Rabon da ya kira ni da sunana na manta. "Shi ne abin kunyar. Ko marina ba su yi ba. Amma idan na tuna in ɗora hannu a kan libar nan, sai in ji hannun ba nawa ba ne."

"Me ya hana ka faɗa?"

"Wa zan faɗa wa? Gana da mutum biyar gonakinsu na kusa da tawa, ni nake yi musu huɗa. Kullum cewa suke, idan Alhaji ya fita mu ma za mu fita. In tashi a gabansu in ce me?"

"Ni fa?"

Ya ɗan yi murmushi. "Ke? Da kin ɗauko cokali kin auna tsoron."

Na yi dariya, hawaye na zuba a cikin wakensa. Na ce to ai ga shi an jiƙa iri, sai shuka. Ban ce masa ya je ba. Shekara arba'in da shida na aure sun koya mini cewa idan na tura shi gabas, yamma zai yi, ko da gidansa na gabas. Na ce kawai, "Ni gobe da hantsi ina Bolori da gishirina. Iyakar abin da gishiri zai iya, zan yi. Akwai tambaya ɗaya da gishiri ba shi da amsarta."

Da safe ya ce kansa na ciwo. Na bar masa kunu a rufe na fita.

Kafin in isa garejin ya cika. Mikail da samarinsa shida da gorori, manoma, masu shaguna, mata a bakin katanga. Phebe tana tsaye a ƙofar rumfa, tef ɗin awo har yanzu a wuyanta, da alama daga kan keken ɗinki ta taso. Gana yana gaba-gaba, shi ya fi kowa ɗaga murya a kan shekarar noman da aka yi asara.

Mikail ya gan ni ya cire hula. Ɗalibina ne, aji uku na koyar da shi, kuma bai taɓa wuce arba'in cikin ɗari ba.

"Malama, ke ma?"

"Ni ma. Zo nan gaba, Mikail, yau ma a baya za ka zauna?"

Aka yi dariya, har shi. Yaron kirki ne, aikin da yake yi ya tsufar da shi da wuri. Na ba shi cokali da gishiri na ce ya zuba da hannunsa. Ya zuba a kai uku, ya kalli abin da ya rage a cokali. Na nuna masa wanda aka fasa. Na sa shi ya ja roba har ta maƙale a kai. Sannan Nicodemus ya zazzage jaka, aka bi ƙyalle da ƙyalle, kowane kai aka ajiye shi a kujerar motarsa. Babu wanda ya ɓata, babu wanda ya yi saura. Na ga kafaɗun mutane sun fara sauka.

Amma ashe Mikail ya ƙaru tun bayan arba'in cikin ɗari. Ya tsaya a gaban jar motar, ya ɗauki kawuna uku masu koren ƙyalle.

"Baba Niko, waɗancan huɗun na gane, cikinsu a buɗe. Wannan kuwa duk Asabar muna jin ta, har zagaye kake yi da ita. Mai ita yana cewa ka hana shi. To me kake jira da su? Wa kake ajiye wa mota mai lafiya?"

Nicodemus ya ce, "Ban gama ba."

"Me ya rage?"

Mikail ya matso kusa da shi.

"Baba Niko, ka taimake ni. Idan ban samu amsa a nan ba, dole in kai maganar gaba, kuma can ba ni ke tambaya ba."

Phebe ta ce, "Baban Margaret, ka yi magana mana!" Ya sunkuyar da kai. Maganar ba tawa ba ce, amma na riga na yanke a raina cewa idan suka taɓa hannunsa zan faɗe ta, in ya so Alhaji ya yi wata bai ci abincina ba.

Sai ga keke ya tsaya a bakin ƙofa. Alhaji ya fito, ba da babbar riga ba, da tsohuwar rigarsa ta gona mai tabon baƙin mai, wadda na ɓoye a ƙasan akwati tun bara. Yadda ya gano ta, Allah ne masani. Aka dare masa hanya. Ya yi sallama, ya je ya tsaya kusa da Nicodemus, kafaɗa da kafaɗa.

"Mikail, ba ni kayana."

Ya miƙa masa. Alhaji ya riƙe su a tafin hannu yana kallo.

"Niko ya gama aikinsa tun bara, cikin kwana tara. Ni na ce ya ajiye waɗannan. Na haɗu da mutanen a gona, ba su taɓa ni ba, amma na tsorata, kuma har yanzu a tsorace nake. Na ji kunyar faɗa, sai na rataya wa bawan Allahn nan. Duk wanda ya zage shi a kan motar nan, ni ya kamata ya zaga. Ga ni."

Can sai Gana ya yi gyaran murya.

"Alhaji, tunda yau ranar tonon asiri ce." Ya sosa ƙeya. "Wallahi duk ranar da na leƙo na ga liba tsirara, a baki ina zagin Niko, a zuci ina hamdala. In koma gida in ce wa iyali, laifin bakanike ne."

Wani daga baya ya ce, "Kai ma?" Sai dariya ta ɓarke, irin wadda mutane ke yi idan sun daɗe suna riƙe numfashi. Phebe ta zauna a kan tsohuwar taya ta rufe fuska da zane. Mikail ya mayar mini da cokalina, ya juya wurin Nicodemus ya ce, "Baba, ka yafe mana." Nicodemus ya ce babu komai, amma ya mayar masa da sufana mai lamba goma sha uku da ya ara tun kafin azumi.

Da mutane suka ragu, Nicodemus ya ce, "Alhaji, in mayar, ko in ajiye tukuna?"

"Matsa, da hannuna zan mayar."

Ya hau. A kan na farko haƙoran murɗin suka ƙi kamawa, ya warware ya sake. Nicodemus ya juya baya yana neman wani abu da bai ɓata ba. Na biyun ya shiga lafiya. Na ukun sai da aka dafa ruwa. Da ya tayar da ita ya leƙo ya ce, "Hedimistires, za ki hau ko kina jiran keke?" A kan murfin taya na zauna, da shekaruna da jakata, daga Bolori har Gomari, duk shingen da muka zo sai an yi mana dariya kafin a ɗaga.

Bai koma hanyar Damboa ba a wannan shekarar, su Gana ma ba su koma ba. 'Yan filayen da ke cikin gari ya riƙa yi wa mutane huɗa, a nan ya shuka wakensa da aka tsince sau uku.

Ranar Asabar Hajara ta dawo da turmi. Ta ce ta ji an yi taro a Bolori, wasu na cewa kaza, wasu na cewa kaza, mene ne gaskiyar?

Na ce, "Ana cire kan liba ne don roba da faranti ba sa wucewa ta kansa. Raminsa ba ya ɗaukar rabin cokalin gishiri. Goma sha huɗu ne a jakar, goma sha huɗu aka samu. Nicodemus ya gama gyaran motarmu cikin kwana tara. Alhaji ne ya ce a ajiye kawunan, don yana tsoron komawa gona."